Amfilifayar Baba Bitrus

Jiya ɗaya daga cikinku, wancan mai askin da kamar an fara aka fasa, ya leƙo cikin amfilifayar da na buɗe a kan tebur ya ce, "Baba Haladu, ai wannan aikin naku ba wuya. Ciro tsohuwa, saka sabuwa, shi ke nan." Ban tanka masa ba, don a lokacin dalma na bakin ƙarfe, in na juya sai ta ɗiga inda ba a so. To yau tunda an ɗauke wuta, ku ba cajin waya, ni ba soda, wato liƙi da dalma, ku gyara zama a kan bencin nan in ba ku amsa. Kai ma mai askin, ajiye wayar.

Ba ƙarya ka yi ba, akwai ciro da sakawa a ciki. Amma akwai ranar da wannan ciro-ka-saka ɗin ya kusa sa wani dattijo ya bar duniya bai sake jin muryarsa ba, kuma ba wani ɗan koyo ne ya yi aikin ba, ni ne nan da furfurata.

Ku fara ganin kayan tukuna. Wannan mai kama da ƙaramin gwangwani ita ce kwandansa. Akwai ɗan danshi a cikinta, kuma shekaru na shanye shi. In ta bushe sai ka ji amfilifaya tana ƙugi tun kafin a sa mata waƙa, in ta kumbura ko ta yi zubar nan mai kama da tsatsa, to ta gama yi. Wannan kuma 'yar mitsitsiyar mai zoben launi a jiki, rasista ke nan, aikinta ta rage wa wuta gudu. Zafi na sa ta sauka daga ma'auninta a hankali, jikinta na faɗin abu ɗaya, mitar awo na faɗin wani. Kwandansa tana da kai da gindi, ka juya ta ka kunna wuta, wallahi sai ta fashe maka a fuska, shago ya cika da wari da tarkacen takarda. Duk wannan in kun duba waya za ku gani, har da zanen cikin kowace amfilifaya, abin da mu a da sai mu shekara muna nema. Abin da zan gaya muku ne babu shi a waya.

Na zo Kakuri ina saurayi, lokacin da masaƙu ke aiki ba tsayawa. In jiniya ta yi kuka aka tashi daga aiki, titin nan ba ka ganin kwalta sai kekuna. Ma'aikacin masaƙa a wancan zamanin, in ya yi aure ya sayi keke, abu na gaba amfilifaya ce da sifikoki biyu na katako, ya kafa su a falo, ya rufe da ƙyalle mai ado. Kawuna ne ya kai ni wurin Malam Isiyaku mai rediyo, Allah ya jiƙansa, a wannan shagon da muke ciki. Tebur ɗin nan nasa ne. Wannan ƙonar da kuke gani a gefe, ni na yi ta.

Shekara guda cur Malam bai bar ni na riƙe ƙarfen soda ba. Shara, goge ƙura da buroshi, sai ware rasistoci. Zai juye min su a faranti kamar mai tsince shinkafa, in ware su launi launi a gwangwanayen kifi, in na kuskure ɗaya ya sake juye duka. Ba ya faɗa, ba ya duka, sai dai ya kalle ka ta saman tabarau ya ce, "Haladu, idonka na nan kuwa?" Na gwammace ya mare ni da wannan tambayar. Ran da na fara sa hannu cikin babbar amfilifaya kuwa, an cire ta daga wuta tun safe, na ce ai ta huce. Babbar kwandansa ta riƙe wutarta tana jirana. Na taɓa, sai ga ni a bakin ƙofa, sukundireba ta yi nata wuri. Malam bai ko tashi ba. Ya ce, "Yauwa, kun gaisa. Gobe ka fara sauke mata wuta da ƙwan fitila kafin ka miƙa mata hannu."

Abu biyu ne ba ya sassauci a kansu. Duk abin da ka ciro daga kayan mutum, komai ƙanƙantarsa, komai ƙonewarsa, na mai kaya ne. Manyan a leda, ƙananan a kwalin ashana, ka damƙa masa a hannu. Shi ya sa har gobe mai shayin can yake tara min kwalaye, kuna dariya kuna cewa Baba Haladu zai buɗe kamfanin ashana. Ɗayan kuma, abin da bai mutu ba kar ka cire shi sai ka san wanda ya sa shi da abin da ya sa ya sa shi. Kuma duk inda Malam ya yi aiki sai ya ɗiga jan farce, ɗigo ɗaya, don wanda zai buɗe bayansa ya san hannu ya taɓa wurin. Matarsa ta sha yi masa ƙorafin kwalbarta.

Wata Asabar da hantsi, ina shekara ta uku a shagon, wani dogon mutum ya tsaya da keke, ya ɗauro amfilifaya a baya cikin bargo kamar mai kai yaro asibiti. Bitrus sunansa, mutumin kudancin jihar nan ne, yana kula da layin injinan saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun, kuma shi ke jan waƙa a cocinsu. Mun san shi, don duk wanda ya bi ta bayan cocin ran Lahadi ya san muryar nan. Amfilifayar sabuwa fil, fuskarta azurfa, gefenta katako. Malam ya jona ta ya saurara, ya ce, "Ni ban ji ciwo ba." Bitrus ya kalle ni, ya kalli Malam. Sai Malam ya ce, "Haladu, je kasuwa ka sayo min goro. Ba na bakin titi ba, na can ciki." Alhali ina ganin goro a aljihun rigarsa. Na tafi ina gunaguni. Ko da na dawo an mai da murfi, shago na warin dalma, suna hirar ruwan sama. Ban tambaya ba, don a zamaninmu ba a tambayar maigida irin wannan.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo, ko da yake shekara ɗaya ake cewa, amma ta ja ƙannenta. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, jiniya ta yi shiru. Mutanen da ke kawo mana gyara suka koma kawo mana kayan suna cewa ko mun san mai saye. Ga kuma rediyoyin roba sun cika kasuwa, masu walƙiya kamar motar biki, in sun lalace ba a gyarawa sai a yar. A cikin wannan halin Malam ya kwanta, bai tashi ba. Na koma gyaran fanka da dutsen guga da tocila. Na ga 'yan gwangwan, masu sayen tarkacen ƙarfe, suna fasa amfilifaya da guduma a gaban shagon nan don su ciri jan ƙarfen taransifoma. Ni ma da hannuna na ba su guda biyu da masu su suka bari suka koma ƙauye, don a gida babu hatsi. Har yau in na tuna sai na ji kunya. Gari kuma ya rikice da faɗan addini, kowa ya tattara ya koma cikin nasa. Na ji an ce Bitrus ya koma Unguwar Boro da iyalinsa, daga nan ban sake sa shi a ido ba.

Yanzu ga shi abin ya juyo. 'Ya'yan masu kayan ne ke zaƙulo su daga ƙarƙashin gado, wasu kuma masu hali har daga nesa suke aiko min, wai sautin da ya fi daɗi. Da ma ya fi, ku ne ba ku sani ba.

Damina biyu da suka wuce, wata Talata bayan an ɗauke ruwa, keke mai ƙafa uku ya tsaya a nan, wata tsohuwa ta sauko tana fama da wani abu naɗe cikin zane. Na tashi na karɓa, nauyin kawai na ji na san irin kayan. Ta zauna daidai inda kake zaune, ta huta, ta dube ni da kyau.

Ta ce, "Kai ne Haladu yaron Malam Isiyaku? Kai, har ka yi fari haka?"

Na ce, "Ni ne, Mama. Sai dai ban gane ki ba."

Ta ce, "Laraba ce, matar Bitrus na masaƙa."

Muka gaisa, na tambayi Baba Bitrus. Ta ce yana nan, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, wata biyar ke nan ko kalma ɗaya bai furta ba. Asibiti sun ce a mai da shi gida a riƙa kula da shi, kuma ita ba yarinya ba ce, ta san abin da wannan maganar take nufi. Akwai wani kaset da suka ɗauka shi da mawaƙan cocinsu tun yana masaƙa, shi ke jan waƙar. Kafin ciwon, kullum da yamma sai ya sa shi. To amfilifayar ta fara ƙugi, gefe ɗaya na tartsatsi, har ta kai ba a jin komai sai hayaniya. 'Ya'yansu sun juye kaset ɗin a waya, sun sayo 'yar sifikar zamani sun kunna masa, sai ya juya fuska bango.

Ta ce, "A bakin wannan ya saba ji. Ina so ya ƙara ji ko sau ɗaya ne, kafin..." Ba ta ƙarasa ba, ta kama gyara ɗaurin kallabinta.

Na ce, "Mama, ki ba ni kwana uku."

Ta ce, "In da hali kar ya wuce haka, Haladu."

Na ture duk aikin da ke gabana. Da na ɗaga murfi, ƙura ta yi kauri kamar bargo, ga gidan zanzaro a kusurwa. Manyan kwandansoshi biyu sun kumbura, ɗaya ta zubar har ta ci hanyar wuta a kan fanel, wato allon da kayan ke kai, sai da na kankare na ɗinke da siririyar waya. Ƙananan kuwa kusan duk sun bushe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina dubawa kai da gindi sau biyu kafin in sa dalma. Rasistoci huɗu kusa da inda zafi yake sun yi baƙi, sun tashi daga ma'auninsu, na canza. Na wanke maɓallan har suka daina ƙara in an murɗa. Ran kwana na biyu na jona ta ta cikin ƙwan fitila, ƙwan ya yi haske ya lafa, alamar ba inda wuta ke zurarewa. Ƙugi ya tafi. Na ce alhamdu lillahi.

Sai da na zo auna gefen hagu da na dama, don amfilifaya irin wannan kamar tagwaye ce, abin da ke nan shi ke can. Mita ta nuna hagu ya fi dama ƙarfi, ba kaɗan ba. Na bi layi na bi layi, har na iso kan wata rasista a gefen hagu da ba ta dace da 'yar'uwarta ta dama ba. An kuma goya mata wata 'yar ƙaramar kwandansa a baya, wadda babu irinta a dama, babu ta a zane. Kusa da su, ɗigon jan farce, ya dushe amma yana nan.

Na daɗe ina kallon ɗigon nan. Hannun Malam ne, ko ba jan farcen ma na san sodarsa, dunƙulalliya mai sheƙi, ba ƙari ba ragi. Kun san abin da na ce a raina? Na ce, "Allah sarki Malam, ashe ranar ba ka da daidai ɗinta, ka lallaɓa da abin da ke gwangwani." Kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Shekara da shekaru mutumin nan yana tambayata ko idona na nan, yau ga ni na kama shi. Na auna rasistar, lafiyarta ƙalau, ba ta mutu ba. Na san doka sarai. Amma ga mita, ga zane a waya, ga gaggawa, ga kuma son a ce na fi maigidana. Ko narkar da dalmar ban tsaya yi ba, na sa filaya na datse ƙafafunsu, na saka sabuwa irin ta dama. Mita ta nuna gefe biyu sun yi daidai kamar an auna da sikeli. Saura kaɗan in share guntayen cikin kwandon shara, hannuna ne kawai da ya saba ya jefa su a kwalin ashana.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki keke zuwa Unguwar Boro. Gidan ƙarami ne, da bishiyar gwaiba a tsakar gida. An fito da gadon Baba Bitrus falo don ya riƙa ganin mutane. Dogon mutumin nan ya koma kamar a naɗe shi a ɗauka da hannu ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi, idonsa ya tsaya a kaina, ban sani ba ko ya gane ni. Na miƙa wa Mama Laraba leda da kwalin ashana kamar yadda aka saba, ta yi murmushi ta ce, "Har yanzu kuna yi?" Ta ƙulle kwalin a bakin zaninta.

Sifikokin katakon na nan gefe da gefen kabad, an juyo da gadon yana fuskantarsu. Na jona komai har da na'urar kaset, na tsai da maɓallin da ke raba sauti tsakanin hagu da dama a tsakiya, Mama ta saka kaset. Kai, sautin ya fito! Tas, ba ƙugi ba tartsatsi, muryoyin mata a sama, na maza a ƙasa, ga muryarsa a gaba tana jansu. Na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

Baba Bitrus ya buɗe ido sosai. Ya saurara. Sai na ga goshinsa ya tattare, yana ɗan juya kai kamar mai neman wanda ya kira shi a kasuwa. Ya juya nan, ya juya can. Can sai ya lumshe ido, ya mai da fuskarsa bango.

Mama Laraba ta kashe kaset ɗin. Ta ce, "Ba ita ba ce."

Na ce, "Haba Mama, ita ce mana. Ko ranar da aka saye ta ba ta fi haka ba."

Ta ce, "Akwatin dai shi ne. Zo waje."

Muka tsaya ƙarƙashin gwaibar, ta rage murya duk da ba kowa a gidan. Ta ce, "Da, in ka tsaya a bakin ƙofar falon nan, sifikar hagu ta fi nauyi, ta fi kaifi. Yanzu sun zama ɗaya. Me ka taɓa?"

Na ce wani ɗan kuskure na tarar a ciki na gyara.

Ta dube ni kamar yadda Malam yake dubana ta saman tabarau. Ta ce, "Haladu, kunnensa na hagu injin saƙa ya cinye shi tun muna da ɗa ɗaya. Saura kaɗan ne a ciki. Bai gaya wa kowa ba. A masaƙa yana tsoron a sallame shi, a coci kuma wa zai bar mai kunne ɗaya ya ja waƙa? Ni ma bai gaya min ba. Na dai lura in na yi magana ta hagunsa sai ya ce na cika ƙunƙuni. Daga nan na koma zama ta damansa, a gida, a coci, a mota. Shekara arba'in da wani abu, yana zaton ban sani ba."

Goron nan na cikin kasuwa ya faɗo min a rai. Ashe abin da aka kore ni don a faɗa ke nan. Malam ya ƙara wa hagu ƙarfi, ya goya 'yar kwandansar don ta ɗaga siririn sautin da injin ya fi kashewa, ya auna da kunnen mutumin yana zaune a gabansa, har waƙa ta dawo masa tsakiyar kai. Kuma ya yi shi a ciki, inda ba mai gani, ya tafi kabari da maganar. Ni kuma na zo da filaya.

Na san abin da za ku ce, don ni ma shi na fara yi. Ai akwai maɓalli a waje, a murɗa shi hagu mana. Muka koma ciki, na kunna, na murɗa. Baba Bitrus ya juyo, na ce to an dace. Amma ba sifika yake kallo ba, maɓallin yake kallo. Numfashinsa ya canza, ya ɗaga hannun hagun da ke motsi yana miƙawa, yana wani gurnani a maƙogwaro, har sai da Mama ta yi sauri ta mai da shi tsakiya sannan ya lafa. Mutum ba baki, ba ƙafa, amma bai yarda a shigo falonsa a ga maɓallin nan a karkace a tambayi dalili ba.

Na ce, "Mama, kwalin nan."

Ta kwance bakin zani ta miƙo min. Na juye a tafin hannu, ina tonawa cikin ƙonannun. Rasistar ko ta ɓata zan iya tuna launinta. Amma 'yar kwandansar rubutun jikinta ya goge tun tuni, ban kuma auna ta ba, kuma mai kunnen da za a gwada da shi ba ya iya cewa ƙara ko rage. In babu ita, babu wanda ya san abin da Malam ya sa. Sai ga su a kusurwar kwalin, har yanzu a goye da juna.

Ƙaramin ƙarfen sodata ba ya barin jakata, kuma Allah ya sa akwai wuta. Na kwantar da amfilifayar a kan tabarma a tsakiyar falo na buɗe. Matsalar ita ce ƙafafun da na datse sun yi gajeru, ba sa kaiwa rami. Da na narkar da dalma na zare su yadda aka koya min, da aikin minti biyu ne. Sai da na yanko siririyar waya na yi wa kowace ƙafa ƙari, abu kamar gashin gira, ga idona ba na da ba. Mama ta durƙusa ta haska min da tocila. Ta ce, "Yi a hankali, ba inda za shi yau." Na ciro sabuwar da nake taƙama da ita, na mai da ta Malam mazauninta.

Na rufe, na jona, maɓalli a tsakiya. Mama ta mai da kaset farko ta danna, ta koma ta zauna a bakin gado ta damansa.

A kunnena sautin ya karkace, hagu ya danne dama. Baba Bitrus kuwa bai juya kai neman komai ba. Idonsa ya tsaya cak a tsakanin sifikokin biyu. Mata suka shiga, maza suka amsa, muryarsa ta saurayi ta taso ta ja su. Sai na ga ɗan yatsansa na hagu yana bugun zanin gado, daidai da kiɗan, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Aka gama baiti na farko. Leɓensa ya motsa, ya sake motsawa, sai muka ji, a karkace amma sarai:

"Yauwa."

Mama Laraba ta sa hannu biyu ta rufe bakinta. Ni kuma na sunkuya ina ta shirya jakar da na riga na shirya, don kuka ne ya zo min, kuma ban iya yin sa a gidan mutane ba. Muka saurari kaset ɗin har ya ƙare, ta juya ɗaya gefen.

Kafin kaka ta shigo ya rasu. Ta ce kullum da yamma sai an sa masa, kuma bai ƙara wata kalma ba bayan waccan. Na je gaisuwa bayan mutane sun ragu. Da zan tafi, don in ce wani abu, na ce, "Mama, in kina so, yanzu sai in daidaita miki ita, tunda ke kunnuwanki biyu lafiya."

Ta ce, "Kul! Kar ka soma. In na shigo falon nan na ji hagu ya fi nauyi, na san wurinsa ne. Ni ta dama nake zama."

Na roƙe ta abu ɗaya, ta ba ni sukundireba da kwalbar jan farcen jikarta. Na ɗaga murfin, na ɗiga nawa kusa da na Malam.

To ga shi, amfilifayar nan za ta fi ni daɗewa, za ta fi Mama Laraba daɗewa. Kwandansoshin da na sa su ma za su bushe, kuma lokacin ba ni nan, hannun ɗayanku za ta faɗo, wataƙila ma kai mai askin. Ka canza duk abin da ya mutu, ka zuba wa masu ita a kwalin ashana. Mita za ta ce maka hagu ya yi yawa, waya za ta ce maka an yi kuskure. In ka bi layi ka iso inda ɗigo biyu suke, ka ajiye filayarka ka mai da murfi.